Yadda ake nazarin tsofaffin bugun waƙoƙin W. B. Yeats a Laburaren Ƙasa na Ayalan

Duk ɗalibin adabin Turanci a jami'o'inmu ya taɓa cin karo da William Butler Yeats, mawaƙin ƙasar Ayalan, ko da kuwa ta hanyar Chinua Achebe ne, wanda ya ɗauko sunan littafinsa na 1958, Things Fall Apart, daga wani baiti na waƙar Yeats mai suna The Second Coming. Sai dai yawancinmu a tarin waƙoƙin makaranta muka karanta shi, inda kowace waƙa take zaune da siffa ɗaya, kamar haka aka haife ta. Ba haka lamarin yake ba. Yeats mutum ne da bai iya barin waƙarsa ta huta ba. Yakan buga ta a jarida, ya gyara ta a ƙaramin littafi, ya sake gyara ta a babban bugu, wani lokaci bayan shekara talatin ya dawo ya rushe ta ya sake gini. Saboda haka wanda yake son sanin abin da mawaƙin nan ya rubuta, da lokacin da ya rubuta shi, dole ya koma ga littattafan yadda suka fito tun farko.

An haife shi a Sandymount da ke Dublin ranar 13 ga Yuni 1865, ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1923, ya rasu a kudancin Faransa ranar 28 ga Janairu 1939. Wurin da ya fi ko'ina tara takardunsa shi ne Laburaren Ƙasa na Ayalan, a titin Kildare cikin Dublin. Matarsa George Yeats da ɗansu Michael su ne suka riƙa miƙa takardun kyauta, kashi-kashi, daga 1959 har zuwa 2002, shekarar da littattafan da shi kansa ya mallaka yake karantawa suka shiga hannun laburaren. Wannan jagora ta wanda zai je can ce, amma rabin aikin ana yin sa ne daga gida, kuma wanda ba zai samu tafiya ba ma zai iya cin moriyar wannan rabin.

Mataki na farko: ƙuntata tambayarka

Kada ka tunkari irin wannan taska da niyyar "ganin littattafan Yeats". Za a kawo maka, ka jujjuya, ka yi sha'awar bango, ka tashi ba ka ƙaru da komai ba. Zaɓi waƙa ɗaya ko littafi ɗaya, ka ɗaura masa tambaya.

Ga misalin tambaya mai amfani. The Wild Swans at Coole ya fito sau biyu da suna ɗaya: a 1917 daga maɗaba'ar Cuala a Dublin, sannan a 1919 daga kamfanin Macmillan a Landan. Na 1917 yana ɗauke da wasan kwaikwayo mai suna At the Hawk's Well. Na 1919 ya cire wasan, ya ƙara waƙoƙi da dama, ciki har da na makokin Robert Gregory, ɗan aminiyarsa Lady Gregory, matuƙin jirgin yaƙi da ya mutu a Italiya a Janairu 1918. Littafin farko bai san da wannan mutuwa ba, na biyu kuwa ta lulluɓe shi. Wanda ya rubuta a kundin digirinsa cewa "a cikin littafinsa na 1917 Yeats ya yi makokin Robert Gregory" ya yi kuskuren da sa'a ɗaya a ɗakin karatu za ta hana shi.

Wata tambayar: me ya sa waƙar The Sorrow of Love da ta fito a 1892 ta bambanta sosai da wadda ya sake bugawa a 1925? Ko kuma: wa ya tsara jerin waƙoƙinsa na ƙarshe? Bugun Cuala na 1939, Last Poems and Two Plays, ya buɗe da Under Ben Bulben ya rufe waƙoƙin da Politics. Bugun Macmillan na 1940 ya mayar da Under Ben Bulben ƙarshe, ta zama kamar wasiyya. Mawaƙin ya riga ya rasu kafin duka biyun su fito, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan sauyi. A ganina irin wannan ce tambayar da ta cancanci kuɗin jirgi.

Mataki na biyu: kayan aiki biyu kafin ka taɓa tsohon littafi

Akwai littattafan bincike biyu da babu makawa sai da su. Na farko shi ne jerin rubuce-rubucen Yeats da Allan Wade ya tattara, wanda ya fito a 1951, kuma bugu na uku da Russell K. Alspach ya gyara ya fito a 1968. Wade ya ba kowane bugu lamba, ya bayyana girmansa, launin bangonsa, adadin shafuka, da yawan kwafin da aka buga in an san shi. Laburarori da dillalan tsofaffin littattafai da lambar Wade suke magana. Lamba ta ɗaya ita ce Mosada, ɗan ƙaramin wasa cikin waƙa da aka buga a Dublin a 1886, lokacin yana da shekara 21.

Na biyu shi ne bugun waƙoƙinsa na 1957 da Peter Allt da Alspach suka shirya, wanda ake kira Variorum. A kowane shafi waƙa tana sama, a ƙasa kuma an jera duk sauyin da aka yi mata daga bugu zuwa bugu, har waƙafi da aya. Da shi za ka gane wane bugu ne ya kamata ka nema, maimakon ka sa a fito maka da goma alhali biyu kake buƙata.

Idan rubutun hannu ne ya kai ka, ƙara na uku: jerin littattafan da maɗaba'ar Jami'ar Cornell ta fitar, inda ake sa hoton shafin da Yeats ya rubuta a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma a fitar da abin da ya rubuta da haruffan bugu. Rubutunsa yana da wuyar karantawa ƙwarai, ga karce-karce, ga kurakuran haɗa baƙi. Ka saba da hannunsa tun kana gida.

Mataki na uku: bincika katalogi, ka rubuta wa ma'aikata

Katalogin laburaren yana intanet, kowa na iya shiga kyauta. Rubuta sunan mawaƙin da sunan littafin, sannan ka tace da shekara. Kula da abu uku a kowane bayani: wurin bugu da maɗaba'a, bayanin da aka yi game da wannan kwafi na musamman, da lambar ajiya. Lambar ajiya ita ce adireshin littafin a cikin rumbu. Kwafe ta daidai, harafi da harafi, domin da ita za ka nema, da ita kuma za ka ambace shi a rubutunka.

Laburaren kan mallaki kwafi fiye da ɗaya na littafi guda, kuma ba ɗaya suke ba. Wani kwafin kasuwa ne kawai. Wani akwai sadaukarwa da hannun mawaƙin. Wani kuma daga cikin littattafansa na gida ne, inda yakan ɗauki alƙalami ya gyara baiti a kan bugaggen shafi don shirin bugu na gaba. Wannan na ƙarshe shi ne zinariya. Edward O'Shea ya fitar da bayanin littattafan gidan Yeats a 1985, har da abin da ya rubuta a gefen shafuka, kuma yana da kyau a duba shi kafin tafiya. Su kuma takardun rubutun hannu suna da nasu jerin daban da laburaren ya tsara, lambobinsu suna farawa da MS.

Bayan haka aika wasiƙa ta imel ga sashen da ke kula da kayan. Gajeriya: ko kai wane ne, me kake bincike a kai, lambobin abin da kake so, da ranakun da za ka zo. Tambaye su ko za a ba ka asali ko kwafi, domin abin da ya tsufa ƙwarai sau da yawa hotonsa ko majigin fim ɗinsa ake bayarwa, sai in ka kawo dalili. Dalilin da ake karɓa shi ne wanda hoto ba zai biya ba: kana son ganin launin tawada, ko bambanta fensir da alƙalami, ko duba takardar kanta. Tambaye su kuma ko abin yana cikin baje kolin Yeats da laburaren ya buɗe a 2006, don abin da ke cikin gilashi ba zai zo teburinka ba.

Ba duk abin Yeats ne yake titin Kildare ba. Takardun maɗaba'ar Cuala suna Kwalejin Trinity, tafiyar 'yan mintuna a ƙasa daga laburaren. A Amurka akwai tarin Berg a Laburaren Jama'a na New York, da laburaren Burns na Kwalejin Boston, da na Jami'ar Emory a Atlanta. Tambayarka ce za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Mataki na huɗu: takardun tafiya da katin shiga

Ayalan ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma bizar Birtaniya ta yau da kullum ba ta wadatar wa ɗan Najeriya ko ɗan Nijar. Bizar Ayalan daban ake nema, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Amsar da laburaren ya aiko maka da wasiƙar jami'arka za su taimaka wajen nuna dalilin tafiya. Katin mai karatu kyauta ne, ana buƙatar shaida mai hoto kamar fasfo. Duba shafin laburaren don lokutan buɗewa da yadda ake yin odar kaya tun kafin ranar, saboda waɗannan suna canzawa.

Mataki na biyar: ladabin ɗakin karatu

Jaka da riga mai kauri da abinci da ruwa duk a akwatin ajiya za a bar su. Biro ba ya shiga, fensir kawai. Wanke hannu ka busar da shi sosai, kada ka shafa mai. Mutane da yawa suna zaton sai da farar safar hannu ake taɓa tsohon littafi, amma masu kula da takardu sun fi son hannu mai tsabta, domin safa tana rage jin yatsa har mutum ya yaga gefen shafi bai sani ba. Hotuna ne aka fi sa wa safa.

Ɗora littafin a kan matashin soso da za a ba ka, kada ka buɗe shi fiye da yadda ya yarda, kada ka danne shi don ya kwanta. Akwai igiya mai nauyi da ake ɗorawa ta riƙe shafi. Juya shafi daga kusurwar sama, a hankali, ba tare da lasar yatsa ba. Idan ka tarar da shafuka biyu manne ta sama ko ta gefe, ba a taɓa yanka su ba tun daga maɗaba'a, to ka bar su haka ka kira ma'aikaci. Wannan mannewar shaida ce cewa ba a taɓa karanta wurin ba, kuma in kwafin na wani sananne ne, wannan kansa labari ne. Takardun da ke cikin fayil kuma ka bar su a jerin da ka same su, ko da kana ganin an yi kuskure. Faɗa wa ma'aikaci, kada ka gyara da kanka. Nemi izini kafin ɗaukar hoto da waya, kuma kashe walƙiya.

Mataki na shida: karanta jikin littafin kafin waƙar

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci.

Fara da tantance ko abin da ke gabanka shi ne abin da kake zato. Buɗe Wade a gefe, ka gwada shafin suna, shekara, launin bango da adadin shafuka. Yi hattara da shekarar da aka buga a jiki, don ba kullum take daidai da ranar fitowa ba. Michael Robartes and the Dancer yana ɗauke da 1920 amma a 1921 ya fito. A Vision yana ɗauke da 1925 amma a Janairu 1926 ya isa hannun masu saye, kwafi 600, kuma wanda ya fito a 1937 da wannan suna kusan wani littafi ne daban. Ka kuma sani cewa wajen 1970 maɗaba'ar Irish University Press ta sake fitar da littattafan Cuala ta hanyar ɗaukar hotonsu. Suna da amfani, suna kama da na asali, amma ba su ba ne. A na asali za ka ga yadda haruffan ƙarfe suka ɗan nutse cikin takarda in ka karkata shafin ga haske.

Littattafan Cuala sun cancanci a san tarihinsu. A 1902 'yan'uwan Yeats mata biyu, Lily da Elizabeth, suka haɗu da Evelyn Gleeson suka kafa masana'antar hannu mai suna Dun Emer a kusa da Dublin. Elizabeth ce ta riƙe ɓangaren ɗab'i, da injin hannu samfurin Albion da haruffa samfurin Caslon, kuma mata ne suke aikin, ana koya wa 'yan mata sana'a. Takardar ma a Ayalan ake yin ta, a Saggart. A 1908 'yan'uwan suka ware suka koma da sunan Cuala. Yeats ne editan maɗaba'ar, yana zaɓen abin da za a buga, kuma shi da Elizabeth sun sha saɓani a kan haka. Ƙaninsu Jack, mai zane, shi ya riƙa zana hotunan A Broadside, wata takardar waƙoƙi da ta fito duk wata daga 1908 zuwa 1915, fitowa 84. Tsarin da ya zauna a ƙarshe shi ne sababbin waƙoƙi su fara fitowa a Cuala, 'yan ɗaruruwan kwafi, daga baya Macmillan ya fitar wa kasuwa. Ana yawan yaba mawaƙin a manta da Elizabeth, alhali ita ta tsaya a kan injin nan har rasuwarta a 1940.

Juya zuwa bayanin kammalawa, wanda a littattafan nan yakan zo da jan tawada. Wanda ya saba da rubuce-rubucen malamanmu na ajami da Larabci ya san wurin nan, inda mai kwafi yake cewa ya kammala a rana kaza, wata kaza. Haka Elizabeth take yi. Littafinta na farko, In the Seven Woods, kwafi 325, ya ce an gama shi ranar 16 ga Yuli 1903, a shekarar babbar iska, yana nufin guguwar da ta kayar da itatuwa a Ayalan cikin Fabrairun shekarar. Kwafe wannan bayani gaba ɗaya a littafin rubutunka.

Sannan bango. Yeats ya ɗauki bango a matsayin wani ɓangare na waƙa, yana tattaunawa da masu zane a kansa. Althea Gyles ce ta zana bangon The Wind Among the Reeds na 1899. Thomas Sturge Moore ya zana na The Tower na 1928: kore ne da ruwan zinariya, yana nuna hasumiyar Thoor Ballylee da inuwarta a cikin ruwa, tsohon ginin dutse a yankin Galway da mawaƙin ya saya a 1917. Wanda ya karanta waƙoƙin littafin a bugun makaranta bai ga wannan hasumiya da inuwarta ba, kuma sun shafi ma'anar abin da ke ciki.

Duba kuma cikin bango da shafukan farko marasa rubutu. Akwai tambarin mai littafi? Akwai sadaukarwa, ga wa, a wace rana? Akwai farashi da fensir ko hatimin kantin littattafai? Waƙar Easter, 1916, wadda ya rubuta kan tawayen Dublin na Afrilun 1916 da kisan jagororinsa, kwafi 25 kacal Clement Shorter ya fara bugawa don rabawa abokai, kuma jama'a ba su gan ta a fili ba sai 1920. A irin wannan, sanin hannun da kowane kwafi ya shiga ya zama tarihin siyasa.

Mataki na bakwai: gwada baiti da baiti

Sai yanzu za ka karanta waƙar. Zo da kwafin bugun zamani da ka buga a takarda, in an yarda ka shiga da shi, da tazara mai faɗi tsakanin layuka. Bi tsohon bugun kalma da kalma, kana rubuta kowane bambanci da fensir a kan takardarka: kalma, waƙafi, babban harafi, sunan waƙar, inda aka raba baituka. Sunan ma yana canzawa. Waƙar da muka sani da September 1913 ta fara fitowa ne a jaridar Irish Times a watan Satumba na shekarar da sunan Romance in Ireland. Duba kuma waƙar da ke gabanta da wadda ke bayanta, domin Yeats da gangan yake jera waƙoƙinsa, ɗaya tana amsa wa ɗaya.

In rubutun hannu kake bi, ka tuna cewa sau da yawa yakan fara da zube, ya rubuta abin da yake nufi da magana ta yau da kullum, ya jera kalmomin amsa-amo a gefe, sannan ya shiga ɗaura baiti. Kada ka yi gaggawar yanke cewa shafin da ke sama shi ne na farko. Inda ba ka iya karanta kalma ba, sa alamar tambaya. Ƙirƙirar karatu ya fi barin gurbi muni.

Kowane shafi na bayananka ya ɗauki lambar ajiya da lambar shafi a samansa. Idan kana ɗaukar hoto, fara da hoton takardar odar mai ɗauke da lambar, sannan shafukan, don kada hotuna su cakuɗe a waya.

Mataki na takwas: ambato da izini

A rubutunka ambaci sunan littafi, wurin bugu, maɗaba'a, shekara, lambar Wade, sunan laburare da lambar ajiya. In kwafin yana da gyaran hannu, faɗi haka, ka faɗi ko da tawada ne ko da fensir. Haƙƙin mallaka na ayyukan da ya buga yana raye ya ƙare a Tarayyar Turai a farkon 2010, shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma wasiƙu da takardun da ba a taɓa bugawa ba hukuncinsu na iya bambanta, haka kuma hoton da laburare ya ɗauka yana da nasa sharuɗɗa. Kafin ka sa hoto a littafi ko mujalla, rubuta ka nemi izini, ka ajiye amsar.

Wanda tafiya ba ta yiwu masa ba ya yi matakai na ɗaya zuwa na uku, sannan ya nemi hotunan tsofaffin bugun a rumbun Internet Archive, inda akwai da yawa daga cikin na farko-farko, da kuma abin da laburaren ya ɗora a katalogi. Da su za a iya yin gwajin baiti da baiti kusan cikakke. Abin da ya rage, kamar gyaran hannu a wani kwafi na musamman, ana iya neman sashen ɗaukar hoto na laburaren ya ɗauko shafukan a biya kuɗin aikin. A wasiƙar ka ba su lambar ajiya da shafukan da kake so daidai, ka kuma roƙi a haɗa da bango da bayanin kammalawa.